Shekarar da Ba Mu Kai Kwando Coci Ba

Litinin, 25 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Goggo Stefa, ƙanwar mahaifina, ita ta kawo mini wannan littafin. Ta ce tunda na daina magana da mutane, to in yi da takarda. To ga ni.

Yau kwana tara da hatsarin motar. 'Yata Kalina ba ta sauko daga ɗakinta na sama ba. Na kai mata shayi da burodi na ajiye a bakin ƙofa, na ɗauko farantin jiya. Rabi ta ci. Hannunta na hagu yana cikin filasta har gwiwa, amma ko gashi ba ta yarda in wanke mata ba. Shekararta sha tara, ni kuwa ina tsaye ina kasa kunne a jikin ƙofarta kamar lokacin da take cikin zanen goyo.

Mijina Miron yana garejin tarakta tun da gari ya waye. Ba abin da ya lalace. Ya kwance injin shuka ya ɗaura, ya sake kwancewa. Shekara ashirin da uku da aure, ban taɓa sanin yana tsoron kicin ba sai yanzu.

Saura mako huɗu Ista. Da a ce bara ce, da teburin nan ya cika da kwalaben rini da kyandir. Ban fito da su ba.

Laraba, 27 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Mun je Yorkton wurin lauya, ni da Miron. Yaro ne, ga shi da ladabi. Ya ce kada mu je gidan su Lesiya, kada mu kira, kada mu aika ko da kati. Ya ce kalmar "ku yafe mana" ma ana iya karanta ta a kotu.

Na ce, "Ɗana, Lesiya fa muke magana. Benci ɗaya muka zauna tun aji ɗaya. Ni na fara ɗaukar 'yarta Uliyana ranar da aka haife ta, kafin ubanta ma."

Ya ce, "Na gane, Madam. Amma 'yarki ce ke tuƙi. Ki zaɓi wadda za ki tsare."

Miron ya ce, "Za mu yi yadda ka ce."

Ranar jana'izar Uliyana, Kalina tana asibiti, sai muka ce shi ya hana mu zuwa. Ƙarya ce. Ina gida na zo ɗaukar mata kaya, na ji ƙararrawar coci ta ƙetaro gonaki, na tsaya da rigar barcinta a hannu har aka daina bugawa.

Alhamis, 28 ga Maris, tsakar rana

Ba ta sauko ba.

Asabar, 30 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na buɗe kabad ina neman gishiri, sai ga kwalin ƙwai. Na manta da shi sam. Lahadin farko na azumin Ista yaran nan biyu suka zauna a teburin nan suka fara zanen ƙwai, kamar yadda suke yi kowace shekara tun suna 'yan shekara shida. Kalina ta fasa biyu, ta yi fushi ta tashi. Uliyana kuwa hannunta ba ya rawa. Ta ja layukan kakin zuma, ta tsoma a rawaya, ta zana zangarniyar alkama a gefe ɗaya, sai uwarta ta kira ta. Ta ce, "Inna Risiya, kada kowa ya taɓa mini, zan dawo in ƙarasa." Yana nan, rabi rawaya, kakin ya yi baƙi.

Kakata ce ta koya mana, ni da Lesiya. Takan ɗumama ɗan alƙalamin a harshen kyandir, ta ɗebo kakin zuma, ta ce ba a zana ƙwai da fushi a ciki. In ta ga ka ɗaure fuska sai ta ce, "Fita ki zagaya rumbu sau uku ki dawo." Ni na fi kowa zagaya rumbun nan. Ranar Ista kowane jika yana samun ƙwai ɗaya daga hannunta, kuma ba wanda nasa ya yi kama da na wani. Nawa kullum da ɗan doki, wai don ba na zama wuri ɗaya.

Na mayar da kwalin na rufe kabad.

Talata, 2 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Ɗan sanda ya dawo. Wayar Kalina tana wurinsu har yanzu. Ya cire hula, ya goge takalmi sosai a bakin ƙofa. Na san uwarsa, tana rera waƙa a cocinmu. Bai karɓi kofi ba.

Jumma'a, 5 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Garin fulawa ya ƙare, dole na shiga kanti. Na zaɓi ƙarfe biyu don na san ba kowa. Ina wajen sukari na hango bayan rigar Lesiya, koriyar nan da muka saya tare. Ta rame har rigar ta yi mata yawa. Tana tsaye gaban madara, ba ta ɗauka ba, ba ta tafi ba.

Na saki keken sayayya a tsakiyar hanya na fita ta ƙofar baya, inda ake sauke kaya. Da na tayar da mota na ɗaga kai, tana jikin gilashi tana kallona.

Ban sayo garin ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu, bayan an taso coci

Ba mu je ba. Goggo Stefa ta biyo da sandarta, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

Ta ce, "Kajina ma sun fi ku hira. Ina mai gidan? Yana can yana auren taraktarsa?"

Na ce, "Goggo, don Allah."

"Don Allah me? An bar bencinku wayam kamar wanda ya faɗi haƙori. Kowa yana kallonsa, ba mai zama."

Na nuna mata ƙwan Uliyana. Na ce ko za ta kai wa Lesiya, ba sai ta ce daga ina ba. Ta juya shi a tafin hannunta ta daɗe, sannan ta miƙo mini.

"Shekarata tamanin da huɗu, ban zama 'yar aikenki ba. Ƙafafunki biyu lafiya lau. Wannan lauyan naku, an taɓa yi masa mutuwa kuwa?"

Na ce Kalina za ta iya shiga kurkuku. Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Na sani." Ta hau bene da kyar, mataki ɗaya-ɗaya, ta zauna a ƙasa bakin ƙofar Kalina tana ba ta labarin wanda ya yi minshari a coci.

Litinin, 8 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Tun jiya takalman nan nake tunawa.

Kowace Ista Baba yakan sayo mana sababbin takalma. Sau ɗaya a shekara, shi ne kyautarsa. Yakan ɓoye kwalayen a saman rumbun alkama, yana ganin ba mu sani ba, mu kuwa tun ranar da ya kawo mun hau mun gwada. Shekarar da nake tara ya sayo mini farare masu maɓalli a gefe. Har lasar maɓallin na yi don murna.

A sanyin shekarar ne mahaifin Lesiya ya rasu. Ranar Asabar, jajiberin Ista, Mama ta sauko da kwalina ta ce, "Kai wa Lesiya." Na ƙwala ihu. Ta ce, "Ke kina da uba, baɗi zai sayo miki wasu. Ita wa zai sayo mata? Share hancinki ki wuce." Na ratsa gona cikin taɓo ina kuka ina zagin Lesiya a zuci. Washegari ta zo coci da su, sun yi mata yawa, an cusa takarda a gaba, tana tafiya ƙwas-ƙwas. Ni ina cikin tsofaffina da Baba ya shafa wa mai. Ban yi mata magana ba har aka fito. A waje ta kama hannuna ta ce, "Mu riƙa yin karɓa-karɓa, ke Lahadi ɗaya ni Lahadi ɗaya." Haka muka yi har suka mutu.

Ranar da mahaifin nata ya rasu, Mama ba ta tsaya cire rigar girki ba. Ta sauke tukunya daga wuta ta naɗe da tawul ta fita. Kwana uku ba ta kwana gida ba.

Gara da Mama ba ta ga wannan shekarar ba.

Laraba, 10 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Wayar gida ta yi ƙara. Na ga lambar Lesiya ce. Na tsaya a kanta hannuna a naɗe har na'urar ɗaukar saƙo ta kama, muryarta ta cika falo.

"Risiya, ni ce. Na san kina nan, ga motarki ina hange daga taga. Ba faɗa zan yi ba. Tambaya ɗaya nake so in yi wa Kalina, ɗaya tak." Ina jin numfashinta. Sai ta ajiye.

Miron ya ce in goge. Ban goge ba, ban kuma kira ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu, da safe

Na sa ƙwan a aljihun kwat na tuƙa har bakin hanyar gidansu. Na ga hayaƙi yana fita ta bututu. Na juya.

Jumma'a, 12 ga Afrilu, da safe

Haka dai. Yau ban ma kai bakin hanyar ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Lahadin rassa. Goggo ta kawo mana reshe ɗaya da Fada ya sa wa albarka, tohonsa fari-fari kamar auduga. Ta sami Miron a bakin gareji ta tsula masa a kafaɗa, ba da wasa ba. "Saura mako guda Ista, kai kuma ka aske wannan gemun, ka zama kamar ɓarawon kaji." Ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani.

Da muna yara Baba ne yake tashin mu da reshen, yana bin mu ɗaki-ɗaki muna ihu muna ɓuya ƙarƙashin bargo. Bayan coci Mama takan soke shi a bayan hoton Maryamu, ya shekara a wurin.

Na hau kujera zan soke namu, sai na ga na bara yana nan. Uliyana ce ta soke shi, don ta fi mu tsawo. Na sauko na ajiye sabon a kan firiji.

Lauya ya kira. Sha huɗu ga Mayu za a fara zaman kotu.

Talata, 16 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ƙwan ya tsage a aljihu. Ɗanye ne, ba a fitar da cikinsa ba, ga ɗumin gida. Warin ya cika zaure. Na kwashe shi da cokali, na haƙa rami a gindin katangar lambu inda ƙanƙara ta narke, na rufe. Na wanke kwat sau biyu, har yanzu ina ji.

Abu ɗaya ta ce, kada kowa ya taɓa mata.

Alhamis, 18 ga Afrilu, da yamma

Yau ce ranar gasa burodin Ista. Kowane gida a garin nan yana ƙamshi. Mama takan hana mu buga ƙofa ko yin tsalle, wai ƙullun zai ji tsoro ya faɗi. Takan yi mana ƙanana, kowa da nasa, da ɗan tsuntsun ƙullu a kai mai idon kanumfari.

Na kunna murhu na kashe.

Jumma'a, 19 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Ta sauko.

Ina wanke-wanke na ji motsi a bayana. Gashinta ya cukurkuɗe, rigar ubanta ce a jikinta. Ta zauna a kujerar da ba tata ba. Na rasa abin yi, na ce ko za ta sha miya. Ta ce, "Mama, yau azumi ne." Sai ta ce, "Na ji saƙon Inna Lesiya. Na san abin da za ta tambaya."

Na ce, "Lauya ya ce..."

"Minti arba'in muka yi a cikin ramin da motar ta faɗa kafin wani ya tsaya. Ba nan take Uliyana ta rasu ba, Mama. Tana magana. Ni kaɗai na ji, kuma ba wanda ya tambaye ni. 'Yan sanda waya kawai suke tambaya, ke kuma miya."

Sai ta faɗa mini wani abu game da wayar. Ba zan rubuta shi ba. Lauya ya ce takarda ma shaida ce.

Na kama hannunta mai lafiya na ce kada ta sake faɗa wa kowa, ko Fada, ko ubanta. Na ce ta rantse mini. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta zare hannunta ta koma sama.

Ban tambaye ta abin da Uliyana ta ce ba. Sai yanzu da nake rubutu na lura.

Asabar, 20 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Yanzu suna can harabar coci, kwanduna a jere, kowanne da kyandir a soke cikin burodi, Fada yana bi yana yayyafa ruwa. Tun da kakannina suka zo ƙasar nan, kwandon gidanmu bai taɓa fashi ba. Ko shekarar da ruwa ya cinye gada, Baba a kafaɗa ya ɗauke shi ya ratsa.

Na sauko da shi dai na goge. Na shimfiɗa mayafin da Mama ta yi wa ado da jan zare. Burodi, ƙwai, man shanu, kyafaffen nama, gishiri, ba ko ɗaya. A ƙasan kwando Mama takan ɓoye mana cakulan ɗaya-ɗaya a naɗe cikin hankici, wai kada Fada ya gani, alhali shi ma ya sani, yakan ƙara wa wajen ruwa da gangan.

Miron ya shigo ya ga kwandon wayam. Ya ce, "In kina so mu je, sai in fito da mota." Na ce da me? Ya ce, "Haka ne." Ya koma.

Lahadi, 21 ga Afrilu, tsakar rana

Ƙararrawa tun hantsi.

Goggo ta zo da dafaffen ƙwai ɗaya daga kwandonta. Ta ce, "Ku taso, ba na son gardama." Ta buga silin da sandarta har Kalina ta sauko. Ta ɓare shi ta yanka huɗu, kowa ya ɗauki nasa a tsaye, kamar yadda ake buɗe baki kowace shekara. Ta ce, "Almasihu ya tashi." Ni da Kalina muka amsa a hankali. Miron ya buɗe baki, sai kuka ya zo masa, irin wanda ban taɓa ji ba. Kalina ce ta riƙe shi da hannu ɗaya.

Na tambayi Goggo ko Lesiya ta je. Ta ce, "Ta je, ita kaɗai da kwandonta. Ta tsaya daga farko har ƙarshe."

Laraba, 24 ga Afrilu, da safe

An cire filasta. Hannun ya yi siriri, fari fat. A hanyar dawowa ta ce in bi ta tsohuwar hanya, kada mu wuce ta inda aka yi hatsarin.

Lahadi, 28 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Yau ake ziyarar kaburbura, kowa ya kai abinci ya shimfiɗa a kan na danginsa Fada ya yi addu'a. Da safe Kalina ta sauko da baƙar riga, ta taje kai. Ta ce, "Baba, ka kai ni maƙabarta, ko in tafi da ƙafa." Na ce, "Kalina, kin san abin da zai biyo baya?" Ta ce, "Ban rantse miki ba, Mama." Miron ya ɗauki makulli. Na bi su.

Da muka shiga, hira ta mutu. Na tsaya wajen kabarin Mama. Sabon yana can ƙarshen layi, ƙasar ba ta kwanta ba tukuna. Lesiya tana durƙushe tana gyara mayafi. Kalina ta tafi kai tsaye, mutane suna matsa mata, ta durƙusa a gefenta cikin taɓo.

Ban ji abin da suka ce ba. Na ga bakin Kalina yana motsi, ya daɗe. Na ga Lesiya ta tambayi wani abu, ta sake tambaya. Sau ɗaya ta toshe baki da hannu. Sau ɗaya kuma, wallahi, ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. Daga baya Kalina ta sunkuyar da kai ta faɗi wani abu gajere, Lesiya ta ɗauke fuska ta daɗe tana kallon gonaki. Na san maganar wayar ce. Ba ta rungume ta ba. Ba ta kuma kore ta ba.

Sai ta miƙe ta nufo ni. Na shirya kalmomi tun mako shida, ko ɗaya bai fito ba. Na ce, "Lesiya."

Ta ce, "Tsaya nan, kada ki matso." Muryarta ba ta tashi ba. "Yarinyar nan ta kashe mini 'ya, ba da niyya ba. Zan yi shekaru ina neman yadda zan yi da wannan. Ke kuwa, Risiya, kowace safiya kina tashi ki zaɓa. Kwana arba'in da uku ina jin mota a hanya ina cewa ke ce."

Na ce, "Tsoro na ji. Lauya..."

"Na sani. Da ni ce, wataƙila haka zan yi. Amma ba ni ba ce." Ta goge hannunta a jikin riga. "Ita ta zo gidana ranar Talata, akwai sauran abin da ban ji ba. Ke kada ki zo."

Ta koma wajen 'yarta.

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Kalina ba ta tuƙi yanzu, Miron kuma ya fara shuka, don haka ni na kai ta. Na tsaya a bakin hanya, wajen akwatin wasiƙu. Lesiya ta buɗe ƙofa, ta matsa gefe Kalina ta shiga. Ba ta dubi wajen motar ba.

Awa biyu na zauna. Da Kalina ta fito idanunta sun kumbura, tana riƙe da ɗan burodi a naɗe cikin takarda. Na ce, "Ta ce wani abu a kaina?"

Ta ce, "A'a, Mama."

Ta ce za ta koma ranar Jumma'a. Na ce zan kawo ta.